Masu Aikin Kare Daji da Teku: Su Wane ne, kuma ta Ina Suka Shigo? Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin masu sha'awar wannan aiki a hoto suka fara ganinsa: mutum tsaye kusa da garken giwaye, ko wani ya nutsa cikin ruwa kifaye suna kewaye da shi. Hoton ba ƙarya ba ne, sai dai ɗan yanki kaɗan yake nunawa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai, da iyayensu, da masu son sauya sana'a suka fi yawan yi game da mutanen da ke cikin aikin da kuma hanyoyin da suka bi.

Idan aka ce mutum yana aikin kare daji ko teku, me yake yi a zahiri?

Babu amsa guda ɗaya, domin sana'o'i da yawa ne suka taru a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai masu gadin daji da ke sintiri da ƙafa, da masu bin sawu, da likitocin namun daji, da masu binciken da ke ƙirga dabbobi da tsirrai, da masu kashe gobarar daji. A ɓangaren teku akwai masu nutso da ke duba lafiyar murjani (wata halitta mai rai da ke taruwa kamar duwatsu a ƙarƙashin teku), da matuƙa jiragen sintiri, da masu sa ido a kan jiragen kamun kifi, da masu gadin wuraren da kunkurun teku ke fitowa ya yi ƙwai. Bayan waɗannan akwai rundunar da ba a cika ɗaukar hotonta ba, wato lauyoyi, da akantoci, da masu zana taswira, da kanikawa, da direbobi, da masu zama da jama'ar ƙauyukan da ke maƙwabtaka da gandu domin a sasanta idan giwa ta cinye gona ko zaki ya kashe saniya.

Wanda ya daɗe a aikin zai shaida cewa mafi yawan lokacinsa da mutane yake ƙarewa. Giwa ba ta buƙatar a koya mata zaman daji, kifi kuma ba ya neman shawarar kowa kafin ya hayayyafa. Abin da ake fama da shi shi ne halin ɗan'adam: wanda yunwa ta kai shi kafa tarko, da ɗan kasuwar da ke sayen hauren giwa, da kamfanin da ke son haƙar ma'adinai, da ɗan majalisar da zai yanke kasafin kuɗi.

Dole ne sai mutum ya yi digiri a ilimin halittu kafin ya shiga?

Ba dole ba ne, kuma tarihin aikin cike yake da mutanen da suka shigo ta wata ƙofa dabam. Jane Goodall ba ta da digiri ko ɗaya lokacin da ta isa Gombe ta ƙasar Tanzaniya, a gaɓar tafkin Tanganyika, a shekarar 1960. Aikin sakatariya ta koya, kuma a matsayin sakatariya masani Louis Leakey ya fara ɗaukar ta. A can ne ta ga birin cimfanzi yana zura tsinke a cikin suri yana zaro gara yana ci, abin da ya rushe tsohon zaton cewa mutum kaɗai ke ƙera kayan aiki. Daga baya Jami'ar Kambirij ta karɓe ta ta yi digirin digirgir ba tare da digirin farko ba. Dian Fossey ma'aikaciyar lafiya ce mai koya wa yara masu naƙasa amfani da gaɓoɓinsu a wani asibiti a Amurka. Bashi ta ci ta zo Afirka karon farko a 1963, sannan ta kafa cibiyar Karisoke a Ruwanda a 1967 domin nazarin goggon biri na kan duwatsu. Jacques Cousteau hafsan sojan ruwan Faransa ne wanda ya so ya zama matuƙin jirgin sama, haɗarin mota ya hana shi, sai ya juya ga teku, inda shi da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa a 1943.

Amma yana da kyau a yi hattara da irin waɗannan labarai, domin suna da daɗin ji kuma suna iya yaudarar matashi. Zamanin da Goodall ta fara, masu neman irin wannan aiki ba su taka kara sun karya ba, kuma ta samu babban mutum da ya tsaya mata. A yau gurbin bincike guda ɗaya mutane da yawa ke rububinsa, akasarinsu da digiri na biyu a hannu. Duk mai son ya jagoranci bincike ko ya koyar, karatu mai zurfi ya zame masa tilas. Sylvia Earle, wadda ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin babbar masaniyar kimiyya a hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka a 1990, sai da ta yi shekaru tana tattara tsirran ruwa kafin ta kammala digirin digirgir a Jami'ar Duke a 1966. Wangari Maathai ma, kafin ta kafa ƙungiyar dasa itatuwa ta Green Belt a 1977, ta riga ta samu digirin digirgir a Jami'ar Nairobi a 1971, a fannin ƙirar jikin dabbobi.

To wane fanni ya kamata ɗalibi ya karanta?

Ya danganta da inda yake son ya tsaya. Ilimin dabbobi, da na tsirrai, da na gandun daji, da na kifi, da na halittun teku, da likitancin dabbobi, su ne sanannun hanyoyi. Sai dai ko wanne mutum ya zaɓa, akwai abubuwa uku da masu ɗaukar aiki ke dubawa fiye da sunan digirin: iya ƙididdiga, iya aiki da taswirar kwamfuta, da iya rubuta rahoto mai ma'ana. Ɗalibin da ya gudu daga lissafi ya fake a ilimin dabbobi zai tarar lissafin na jiran sa a gaba, domin ba a iya cewa zakuna sun ragu ko sun ƙaru sai da alƙaluma masu tsayuwa a gaban mai gardama.

Likitancin dabbobi ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Gladys Kalema-Zikusoka ta yi karatunta a Landan, ta koma Yuganda ta zama likitar namun daji ta farko a hukumar kula da namun dajin ƙasar. A 1996 ƙazuwa ta ɓarke a cikin wani rukunin goggon biri a dajin Bwindi, har wani ɗan ƙarami ya mutu, kuma bincike ya nuna cewa daga mutanen da ke zaune a gefen dajin cutar ta fito. Wannan ya sa ta gane cewa ba za a iya kare lafiyar biran ba muddin maƙwabtansu ba su da asibiti da tsaftataccen muhalli, don haka a 2003 ta kafa ƙungiyar da ke haɗa kiwon lafiyar jama'a da kare namun daji.

Yaya rayuwar mai gadin daji take?

Tana da wuya, kuma ba ta da kwalliyar da ake gani a talabijin. Ƙungiyar sintiri takan kasance mutum huɗu zuwa takwas, su bar sansani tun da asuba da jakunkuna a baya, su yi kwanaki a waje. Na gaba idonsa a ƙasa yake: ciyawar da ta kwanta ba ta ɓangaren da iska ke kaɗawa ba, reshen da aka sare da adda, tokar da har yanzu take da ɗumi idan aka tura yatsa a ciki. Idan ya ɗaga hannu kowa ya tsaya cik, babu mai magana. Sau da yawa abin da ya gani wata siririyar waya ce da aka yi wa zarge aka ɗaure a gindin itace a kan hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwa. Za a kwance ta, a danna wurin a na'urar da ke nuna inda mutum yake, a rubuta a littafi, a ci gaba da tafiya, domin inda aka ga ɗaya akwai wasu a kusa. Wannan waya, wadda ba ta zaɓen wanda za ta kama, tana hallaka dabbobi masu ɗimbin yawa ba tare da an ji ƙarar bindiga ba. Bayan an dawo, bayanan sintirin ake zubawa a manhaja irin su SMART, wadda ke nuna wa shugaban gandu inda aka taka da inda aka bari.

Haɗarin kuwa na gaske ne. A gandun Virunga na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, wanda aka kafa a 1925, an kashe ma'aikata fiye da 200 a bakin aiki, shugaban gandun ma, Emmanuel de Merode, an yi masa kwanton ɓauna an harbe shi a 2014, amma ya rayu. A gandun Zakuma na ƙasar Chadi, inda giwaye suka ragu daga sama da 4,000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010, mafarauta sun afka wa wani sansanin ma'aikata a watan Satumban 2012 suna cikin sallar asuba, suka kashe biyar nan take, na shida kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ƙungiyar masu gadin daji ta duniya, wadda aka kafa ranar 31 ga Yulin 1992, tana tattara sunayen waɗanda suka rasu a bakin aiki, kuma tsakanin 2006 da 2021 sunayen sun haura 2,000. Ba duka bindiga ta kashe ba. Akwai waɗanda ruwa ya ci, da waɗanda dabbobin da suke karewa suka hallaka, da haɗarin mota, da gobara, da zazzaɓin cizon sauro a wurin da asibiti ke da nisan kwana guda.

Ina ake horar da su?

Yawancin hukumomin gandun daji suna da nasu sansanin horo, inda ake tace masu nema ta hanyar gwajin ƙarfin jiki da juriya. Ga masu son su kai matsayin shugabanci akwai makarantu da suka yi suna: kwalejin Mweka a gindin dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya, wadda aka buɗe a 1963, makarantar namun daji ta Garwa a Kamaru, wadda ta fara a 1970 domin ƙasashe masu amfani da Faransanci, kwalejin namun daji ta kudancin Afirka da ke kusa da gandun Kruger, da cibiyar namun daji ta Indiya a Dehradun, wadda aka kafa a 1982.

Da gaske ne ana ɗaukar tsofaffin mafarauta da masunta?

Da gaske ne, kuma a ganina wannan yana cikin abubuwa mafi hikima da aikin ya koya, ko da yake ya koye shi a makare. Da ɗan gari akan ci gari. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana farauta a daji ya san mashayar dabbobi a kowane wata na shekara, ya san hanyoyin da ake shigowa da dare, ya san wanda ke sayen nama da wanda ke sayen fata, ilimin da babu jami'ar da ke bayar da shi.

Misalan suna da yawa. A arewa maso yammacin Namibiya, a farkon shekarun 1980, Garth Owen-Smith ya zauna da shugabannin al'umma suka zaɓi masu gadi daga cikin mutanensu, wasunsu sanannun mafarauta, kuma wannan tsari ne ya share fagen dokar 1996 da ta ba al'ummomi ikon kula da namun dajin yankinsu da cin moriyarsu. A Birazil, shirin TAMAR da aka fara a 1980 ya ɗauki masuntan da ke kwasar ƙwan kunkurun teku ya ba su albashi su tsare sheƙunan da a da suke tonewa. A Kenya, shirin Lion Guardians da ya soma a 2007 ya ɗauki samarin Masai, waɗanda kashe zaki ke cikin alamun jarumtarsu, suka koma bin sawun zakuna suna gargaɗin makiyaya inda za su kauce, suna kuma nemo dabbobin da suka ɓata kafin dare ya yi. Har ma akwai manhajar CyberTracker, wadda Louis Liebenberg ya jagoranci ƙirƙirarta a shekarun 1990, mai amfani da hotuna a madadin rubutu domin gwanin bin sawun da bai yi boko ba ya iya shigar da abin da ya gani da kansa.

A teku, ƙauyen Cabo Pulmo na Mekziko shi ake yawan kafa hujja da shi. Masuntan wurin ne da kansu suka ga kifi ya ƙare, suka nemi gwamnati ta killace ruwan, aka yi hakan a 1995, suka jingine komarsu suka koma kai baƙi kallon ruwa. Masu bincike sun auna a 1999 suka sake aunawa a 2009, suka tarar nauyin kifin da ke wurin ya ƙaru da fiye da kashi 400 cikin ɗari. Abin lura shi ne dokar ta yi aiki ne saboda masu tsaron ta su ne mutanen da ke kwana su tashi a bakin ruwan.

Sharaɗi ɗaya ne ba a tsallakewa: albashin ya riƙa zuwa a kan lokaci. Wanda aka raba da tarkonsa aka bar shi wata huɗu babu biya, ba a yi masa adalci ba idan aka yi mamakin komawarsa.

Aikin teku ya bambanta da na tudu? Dole ne mutum ya iya nutso?

Ya bambanta ta fuskar tsada da ta doka. A tudu mutum na iya yin sintiri da takalmi da gorar ruwa, amma a teku ko leƙa wurin da ake karewa sai da jirgi da mai da wanda ya iya tuƙi da gyara. Iyaka kuma ba a ganin ta. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓa ikon albarkatun ruwa har zuwa mil 200 na teku, abin da ya wuce nan, wato kusan kashi biyu cikin uku na tekun duniya, ba na kowa ba ne.

Nutso ana buƙatar sa ga masu aikin murjani da ciyayin ƙarƙashin ruwa. Takardar shaidar farko takan ba mutum izinin sauka zuwa mita 18, masu nutson bincike kuma suna ƙara horo a kan haka. Aikin kansa ba yawon kallo ba ne. Mutum biyu ne za su sauka, ɗaya ya shimfiɗa igiyar awo a kan murjani, ɗayan ya bi ta a hankali da allo da fensir yana rubuta abin da ke ƙarƙashin kowane tabo, ko mai rai ne, ko matacce, ko wanda ya yi fari, yana yi yana duba sauran iskar da ke cikin tulunsa. Farin nan shi ne abin tsoro. Idan zafin ruwa ya haura yadda aka saba da kimanin digiri ɗaya ya kuma daɗe makonni, murjani yakan kori ƙananan tsirran da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi, sai ya koma fari fat, idan zafin bai sauka ba ya mutu. An ga wannan a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sannan aka sanar da karo na huɗu a watan Afrilun 2024.

Duk da haka, masu aikin teku da yawa ba su taɓa saka kayan nutso ba. Masanin kifi yakan yi rayuwarsa ne a tashar jiragen ruwa yana auna abin da aka sauke, ko a gaban kwamfuta yana lissafin yawan kifin da za a iya kamawa ba tare da iri ya ƙare ba.

Mene ne aikin mai sa ido a jirgin kamun kifi?

Wannan yana cikin ƙofofin da masu sabon digiri suka fi samu a buɗe, kuma yana cikin mafi kaɗaici. Hukuma ce ke tura mutum ya zauna a jirgin 'yan kasuwa makonni ko watanni, yana rubuta nau'in kifin da aka kama da yawansa, da abin da raga ta kwaso ba da niyya ba aka zubar, kamar kunkuru da tsuntsayen teku. Ba shi da ikon kama kowa. Yana cin abinci tare da mutanen da rahotonsa zai iya jawo wa tara, a tsakiyar ruwa inda babu wanda zai kai wa ƙara. An samu masu sa ido da suka ɓace a kan jiragen da aka tura su, ciki har da wani ɗan Ghana a 2019, abin da ya sa ake ta kiran a ƙarfafa dokokin kare su a kuma sanya kyamarori a jirage.

Ni lauya ne, ko akanta, ko mai ilimin kwamfuta. Akwai gurbina?

Akwai, kuma sau da yawa an fi neman irinku fiye da ƙarin masanin dabbobi. Dokar kare daji ta Amurka ta 1964, wadda ta hana gina hanya ko shiga da injin a wuraren da aka keɓe, marubuci kuma edita ne ya tsara ta, Howard Zahniser, wanda ya yi shekara takwas yana sake rubuta daftarin yana bin 'yan majalisa, ya rasu wata huɗu kafin a sa mata hannu. Rachel Carson da adabin Turanci ta fara a kwaleji kafin ta koma ilimin halittu, kuma alƙalaminta ne, ta littafin da ta fitar a 1962 kan illar magungunan ƙwari, ya girgiza gwamnatoci.

Kama mai fataucin hauren giwa abu ne, kai shi gidan yari wani abu ne dabam. Ƙungiyar LAGA da aka kafa a Kamaru a 2003 ta gina aikinta a kan masu bincike a ɓoye da masana shari'a da ke bin kowace ƙara daga ofishin 'yan sanda har zuwa hukunci, domin a tsakanin nan ne shari'o'i ke narkewa. Masanin ƙwayoyin gado Samuel Wasser ya yi amfani da kashin giwaye ya zana taswirar asalinsu, ta yadda idan aka kama haure a tashar jirgin ruwa za a iya gano dajin da aka kashe giwar. Masu ilimin kwamfuta su suka gina Global Fishing Watch, wanda aka ƙaddamar a 2016, mai bin saƙon da jirage ke aikawa ta tauraron ɗan'adam domin a ga inda suke kamun kifi, da kuma inda suka kashe na'urar don kada a gan su. Masana harkar kuɗi kuwa su ne ke ƙulla yarjejeniyar sassauta wa ƙasa bashi a kan alƙawarin kare muhalli, wadda aka fara da Bolibiya a 1987, aka yi wa Beliz a 2021 da Ekwado a 2023.

Mata fa?

A fagen bincike da koyarwa da shugabancin ƙungiyoyi mata suna da yawa. A aikin gadi ne suka yi ƙaranci, inda ƙiyasi ke nuna ba su wuce kashi 3 zuwa 11 cikin ɗari ba. Cikas ɗin sau da yawa ba ƙarfin jiki ba ne, rashin ɗaki da banɗaki na daban ne a sansani, da kayan sarki da takalma da aka ɗinka don maza, da rashin hutun haihuwa, da cin zarafi. Akwai rundunonin mata masu gadi: ta Black Mambas da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2013 tana sintiri ba tare da bindiga ba, ta Akashinga kuma da aka fara a Zimbabuwe a 2017 tana ɗauke da makamai.

Aikin yana riƙe mutum da iyalinsa?

A nan ya kamata a faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi. Ma'aikacin hukumar gwamnati yana da albashi da fansho, ko da ba su da yawa. Ma'aikacin ƙungiya mai zaman kanta yakan rayu ne a kan kwangilar shekara ɗaya zuwa uku, wadda ke ƙarewa ranar da tallafin ya ƙare, shi ya sa masu bincike da yawa suke ɓatar da watanni suna rubuta takardun neman kuɗi. Wani bincike da ƙungiyar kare namun daji ta duniya, WWF, ta wallafa a 2019, bayan jin ta bakin masu gadin daji fiye da 7,000 a ƙasashe 28, ya nuna cewa da yawansu ba su da isasshen ruwan sha a sintiri, ba su da na'urar sadarwa ko inshora, wasu ma da kuɗinsu suke sayen takalmi.

Akwai kuma al'adar aikin sa kai, wadda a wasu wuraren ta kai ga matashi ne ke biyan kuɗi don a bar shi ya yi aiki. Wannan yana tace mutane ta hanyar aljihun iyayensu, har ya zama ɗan mai hali daga wata nahiya ya tara gogewa a dajin da ɗan yankin, wanda ya fi shi sanin wurin, yake ɗaukar masa kaya. Kafin mutum ya biya irin wannan kuɗi, ya tambaya ina bayanan da aka tattara suke zuwa, su wa ke jagorantar binciken, kuma mutum nawa daga cikin waɗanda suka gabace shi suka samu aiki.

Wasu na cewa aikin nan yana zaluntar mutanen da ke zaune a wuraren. Yaya gaskiyar lamarin?

Ƙorafin yana da tushe. Yellowstone, wanda aka kafa a 1872 a matsayin gandun ƙasa na farko a Amurka, an raba 'yan asalin yankin da wuraren farautarsu, kuma wannan salo ya bazu zuwa nahiyoyi da dama. Mutanen Batwa sun rasa dajinsu lokacin da Bwindi ya zama gandun ƙasa a 1991. An kuma samu rahotannin duka da azabtarwa daga hannun wasu masu gadi a yankin kogin Kongo, har aka kafa kwamitin bincike mai zaman kansa da ya fitar da rahotonsa a 2020. Saboda haka horon zamani ya haɗa da haƙƙin ɗan'adam da ƙa'idar amfani da ƙarfi, ana kuma ƙara neman masana zamantakewa da masu jin harsunan yankin.

Ya kamata a tuna cewa wasu daga cikin manyan masu kare daji daga cikin mazauna dajin suka fito. Chico Mendes mai tsagar itacen roba ne a jihar Akre ta Birazil, bai iya karatu ba sai da ya kai kimanin shekara 18, kuma ta ƙungiyar ƙwadago ya shigo. Shi da abokan sana'arsa sukan tsaya da jikinsu a gaban masu sare daji. An harbe shi a gidansa a watan Disamban 1988, kuma a 1990 aka keɓe wani babban yanki da sunansa inda mazauna ke ci gaba da cin amfanin daji ba tare da an sare shi ba.

Za a samu ƙarin guraben aiki nan gaba?

A kan takarda, ƙwarai. A taron da aka yi a birnin Montiriyal na Kanada a Disamban 2022 ƙasashen duniya sun amince su kare kashi 30 cikin ɗari na tudu da na teku kafin 2030, alhali rahoton 2024 ya nuna an tsaya a kimanin kashi 17.6 na tudu da 8.4 na teku. Wani nazari da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa masu gadin daji a duniya kimanin 286,000 ne, wato mutum ɗaya ga kowace murabba'in kilomita 72 na wuraren da aka killace, kuma cika wancan alƙawari zai buƙaci kusan miliyan ɗaya da rabi. Yarjejeniyar kare tekun da ba na kowa ba, wadda aka amince da ita a 2023 ta kuma fara aiki a Janairun 2026, ita ma za ta buƙaci masana doka da masu sa ido. Buƙata dai ba ita ce albashi ba. Gurbi ba ya buɗewa sai gwamnati ko mai tallafi ya ware kuɗinsa.

Daga ina mai sha'awa zai fara?

Daga wurin da ya fi kusa da shi, ko fadama ce, ko bakin kogi, ko gaɓar teku. Ya zaɓi rukuni ɗaya na halittu, tsuntsaye ko itatuwa ko kifaye, ya koyi bambance su har ya zama ana tambayar sa, yana rubuta kwanan wata da wuri da adadin abin da ya gani, yana kuma iya saka su a manhajoji irin su eBird da iNaturalist inda masana ke dubawa su gyara masa. Ya haɗa da wata sana'ar hannu da ake buƙata a fili: lasisin tuƙi, agajin gaggawa, iyo, gyaran injin kwalekwale, ko wani harshe na biyu. Idan ya samu tambayar bincike ƙarama da zai iya amsawa cikin shekara guda, akwai gidauniyoyi irin su Rufford da ke ba masu tasowa ƙaramin tallafi, kuma sukan nemi wasiƙun shaida daga mutanen da suka ga aikinsa da idonsu, don haka tun da wuri ya nemi wani gogagge ya riƙa bin sa fili yana riƙe masa igiyar awo.